Shin nisan duniya da rana ne ke kawo sanyin hunturu?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa duniya tana kewaya rana, wani lokaci ta matso kusa da ita, wani lokaci kuma ta yi nesa. Shin nisan ne ke kawo sanyin hunturu, kusancin kuma ya kawo zafin bazara?

Amsa: Abin da aka koya maka gaskiya ne, amma ba shi ne sanadin sauyin yanayi ba. Hanyar da duniya ke bi ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta ɗan miƙe, kamar yadda masanin taurari Johannes Kepler ya nuna game da tafiyar duniyoyi a 1609, kuma tana gama zagaye ɗaya cikin kwana 365 da kusan awa 6. Sai dai a farkon Janairu ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, wato daidai lokacin da mutanen Kano da Damagaram ke jin ɗumin wuta da asuba, ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kimanin kilomita miliyan 152. Da nisa ne sanadi, da duk duniya ta shiga sanyi lokaci guda, alhali a Disamba zafi ake yi a Afirka ta Kudu.

Asalin dalilin shi ne duniya a karkace take tafiya, da kimanin digiri 23 da rabi, kuma karkatar tana fuskantar gefe guda duk shekara. Saboda haka a watan Yuni rabinta na arewa ne ke jingina wajen rana, a Disamba kuma rabin kudu. Idan ka haska tocila kai tsaye a ƙasa hasken yakan taru wuri ɗaya da ƙarfi, idan ka karkata ta sai ya bazu ya raunana, to haka hasken rana yake a kan doron ƙasa.

Ɗauki Kano, wadda take digiri 12 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. A ƙarshen Disamba, ko da tsakar rana, rana takan kauce wa tsakiyar sama da kusan digiri 35 ta wajen kudu, inuwa ta yi tsawo ta faɗi arewa, wuni ya gajarta zuwa kusan awa 11 da rabi, abin da duk mai lura da lokacin magariba ya sani. Iskar da ke busowa daga Sahara da ƙurarta tana ƙara tare hasken, sannan bushewar sama takan bar ɗumin ƙasa ya tsere da dare. Zuwa wajen 21 ga Afrilu kuwa rana tana bi ta kan tsakar ka, ga ƙasa a bushe, babu gajimare, sai zafin bazara ya kai maƙura.

Wani zai ce ai a watan Agusta ma rana takan sake bi ta tsakar ka a Kano, amma ba a irin wannan zafin. Haka ne, kuma a ganina nan ne lamarin ya fi ban sha'awa, domin zafin da ya gasa ƙasa a bazara shi ne ke taimakawa wajen janyo iska mai laima daga Tekun Atlantika zuwa arewa, ita kuma ta zo da hadarin da ke rufe rana da ruwan da ke sanyaya ƙasa har ƙarshen damina.