Shin Lugu, garin Sarauniya, yana nan har yanzu?

Tambaya: Malam, tun ina yaro nake jin labarin Sarauniya Mangu wadda ta yaƙi Turawan Faransa. Garinta Lugu yana nan kuwa, ko sunansa kawai ya rage? A ina yake, kuma su wane ne mutanensa? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, Lugu yana nan, kuma ba shi da nisa da kai sosai. Ƙauye ne a ƙasar Arawa, wadda ake kira Arewa, a kudu maso yammacin Jamhuriyar Nijar, cikin gundumar Dogon Dutsi a jihar Doso, a ƙaramar hukumar Dankasari. Yana gindin duwatsu a yankin kwarin da ake kira Dallol Mawri, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, shi ya sa gero da wake su ne abin noman mutanen wurin.

Asalin mazaunansa Gubawa ne, Hausawan da ake ɗauka su ne masu ƙasa tun kafin Arawa su zo su kafa sarautarsu. Tarihin baka ya ce daga Daura kakanninsu suka taso, wata mace na jagorantarsu, suna bin wani dutse mai suna Tunguma har ya tsaya a wurin da suka zauna. A gaban wannan dutse masu bin al'adar gargajiya, wato Azna, suke kai ƙara a yanke musu hukunci.

Abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne, Sarauniya sarauta ce da ake gada, kuma Mangu ɗaya ce daga cikin matan da suka riƙe ta. Idan Sarauniya ta rasu, akan ɗauki gawarta a zagaya da ita har ta nuna wadda za ta gaje ta, al'adar da suke kira tarkama. Wadda aka naɗa takan sa fararen kaya, ta zauna a ɗakinta, jama'a na zuwa neman albarka.

A watan Afrilun 1899 ne rundunar Kyaftin Vule da Shanuwan, wadda ta nufi tafkin Chadi tana ƙone garuruwa, ta auka wa Lugu. Mutanen garin sun tare su da kwari da baka, da bindiga ta fi ƙarfinsu suka janye cikin daji, aka ƙone garin. A watan Yulin shekarar kuma sojojin rundunar suka kashe kyaftin ɗin biyu, abin da mutanen yankin da dama ke dangantawa da asirin Sarauniya.

Game da yawan jama'a, Lugu ya kasance ɗan ƙaramin ƙauye, domin da yawa daga waɗanda suka watse sun zauna a wasu ƙauyuka, matasa kuma kan tafi cirani da rani. Musulunci ya game yankin, masu riƙe da tsohuwar al'ada sun ragu ƙwarai, yawancinsu dattawa ne.