Wai me ya haɗa "window" da cinikin 'yan ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai abin da na sani window taga ce, haka aka koya mana tun firamare, to amma kullum a labarin wasanni sai in ji an buɗe transfer window ko an rufe, ga kuma Windows na kwamfuta, abin ya ɗaure min kai wallahi. Duk kalma ɗaya ce? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminku na firamare bai kuskure ba, taga ce, wasunmu ma windo suke cewa. Turawan Ingila su ma aro suka yi wajen ƙarni na 13 daga tsohon harshen mutanen Skandinabiya, vindauga, wato "idon iska", don a zamanin kafa ce kawai ake bari iska ta shigo hayaƙi ya fita, ba gilashi ba komai.

To taga dai ba kullum take a buɗe ba, shi ya sa Bature ya ɗauke ta ya ɗora wa ɗan lokacin da aka ba ka dama kafin a rufe. Transfer window ɗin nan da kake ji lokaci ne da kulob zai iya yi wa sabon ɗan wasa rajista, FIFA ta wajabta shi tun kakar 2002/2003, sau biyu a shekara, dogo bayan an gama kaka sai gajere a tsakiyarta, a Turai watan Janairu kenan, shi ya sa ranar ƙarshe za ka ga manajoji hankalinsu a tashe kamar sai ranar suka san da maganar.

Windows kuwa Microsoft ce ta fito da shi a 1985, sunan daga akwatunan nan ne da ke buɗewa a fuskar kwamfuta kowanne da aikinsa. Window seat kujerar gefen taga ce a jirgi. Window shopping kuma kallon kaya ne ba saye, mu talakawa mun ƙware.

Wanda na fi so ka riƙe shi ne na asibiti, window period. Tsakanin shigar ƙwayar cuta irin HIV jiki da lokacin da gwaji zai iya gano ta akwai tazara, a cikinta sakamako zai iya nuna babu alhali akwai. In likita ya ce ka dawo a sake gwaji, don Allah ka koma.