Tambaya da Amsa: Labarin yaƙi domin yara, wane zamani za a ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar firamare a cikin birnin Kano. Ina da niyyar rubuta ƙagaggen labari domin yara 'yan shekara goma zuwa sha uku, a kan wani yaro da ƙanwarsa waɗanda yaƙi ya ritsa da gidansu. Wane zamani ya kamata in ɗauka, kuma ina iyakar abin da zan iya ƙagawa? Maigidana yana ganin wannan fama tsohon miki ne, kuma yara ba su isa jin irinsa ba. Daga wata malama, Gwale.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Maganar maigida tana da makama, amma ta danganta da yaƙin da kika zaɓa da kuma yadda kika ba da labarinsa, domin yaran ajinki sun riga suna jin labarin yaƙi a rediyo da wayoyin iyayensu, ba tare da kowa ya tace musu ba.

A ganina ki ɗauki Basasar Kano, wadda aka yi daga 1893 zuwa 1895. Bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, sai Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya fice daga birni da magoya bayansa zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko, jagoranci ya koma hannun ɗan'uwansa Aliyu Babba, wato Alu, wanda ya shiga Kano a 1894, kuma aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Abin lura shi ne Bello da Abdullahi duk 'ya'yan Sarki Ibrahim Dabo ne, saboda haka jikokin mutum ɗaya ne suka zare wa juna takobi. Mai son rubutu a kan 'yan'uwantaka ba zai sami zamanin da ya fi wannan dacewa ba, tun da rabuwar Tukurawa da Yusufawa za ta iya ratsa gida guda, uba yana wannan ɓangare, kawu yana wancan.

Sai dai kada ki kai yaran fada ko fagen daga. Ki bar su inda yara suke zama, wato tsakar gida da zaure da bakin rijiya, yaƙin ya same su a can. Wan zai iya kasancewa mai yankar wa dokin ubangidan mahaifinsa ciyawa, wata safiya a tafi da shi a matsayin zagi, ƙanwar kuma ta ci gaba da tallan fura, tana tsintar labari daga bakin masu saye. Ita ce za ta lura cewa hatsin rumbu ya ja baya, kuma an rage yawan tuwon dare. Idan yaron ɗan fari ne, alkunya ba za ta bar uwarsa ta ambaci sunansa ba, iyakarta ta tare 'yar a ƙofar ɗaki ta ce, “Ko kin ji wani abu game da yaron nan?” Yaro Bahaushe zai gane nauyin wannan tambaya ba sai an yi masa sharhi ba.

Akwai wasu zamunnan idan wannan bai kwanta miki ba. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da Sarki Alu ba ya gari. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1939 zuwa 1945, an kwashi samarin Arewa zuwa ƙasar Bama (Burma), mutanen gida suna sauraron mai karanta musu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda yake bukatar taka-tsantsan sosai shi ne yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 da kashe-kashen 1966 da suka gabace shi, waɗanda suka shafi Sabon Gari, domin waɗanda abin ya taɓa suna raye. Nan ne tsoron maigida ya fi ƙarfi, kuma ba da shi zan so ki fara ba.

Game da iyakar ƙage, yaran da iyayensu da maƙwabtansu naki ne, ki yi yadda kika so da su. Sarakuna da shekaru da wanda ya yi nasara kuwa ba naki ba ne, kuma bai dace ki sa wa mutumin tarihi maganar da ba a san ya faɗa ba, balle zuriyarsa tana nan cikin gari. Ki kula da ƙananan abubuwa, domin a nan marubuta suka fi tuntuɓe. A 1894 da kuɗin wuri ake ciniki a Kasuwar Kurmi, jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, naira kuwa sai 1973. Ki ziyarci Gidan Makama ki ga sulke da kwalkwali da idonki, ki zaga abin da ya rage na badala, sannan ki zauna da tsofaffin unguwa, ko da yake abin da za su ba ki ji ne daga kakanni, sai kin auna shi da rubutaccen tarihi.

Batun jini kuma, mutuwa za ta iya shiga labarin, amma ba sai an kwatanta sara da suka ba. Dokin da ya dawo gida ba mahayi ya isa. A shafin ƙarshe ki ware wa yaran abin da ya faru da gaske da abin da kika ƙaga, kuma kafin ki kai wa maɗaba'a ki karanta wa ajinki babi biyu da baki, ki lura da wurin da suka fara surutu, ki koma ki gyara shi.