Ku Tambaya Mu Amsa: Faifan lissafi da harba topido a gem

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kusa wata biyu ina buga Silent Hunter III, gem ɗin yaƙin jirgin ƙarƙashin teku, kuma tunda na kashe saitin da kwamfuta ke min lissafi topido ɗina, wato bam ɗin da ke gudu cikin ruwa, kullum ta bayan jirgin abokan gaba yake wucewa, wallahi har na fara jin haushin gem ɗin. Na ga wasu suna juya wani faifai mai lambobi kafin su harba. Meye shi, kuma dole ne sai na iya lissafi sosai? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba wani lissafi mai zurfi ba ne. Faifan rular lissafi ce da aka naɗe ta koma zagaye, faifai biyu ko uku a kan ƙusa ɗaya, lambobin jikinsu an jera su a tsarin logaridim, shi ya sa in ka juya ɗaya a kan ɗaya sai ya yi maka sau da rabawa ba batir ba komai. Tsohon abu ne, William Oughtred ɗan Ingila ya ƙirƙiro shi wajen 1630. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ƙarƙashin teku na da na'urar lissafin harbi, Amurkawa na ce wa tasu TDC, amma duk da haka suna riƙe da faifan hannu don ko-ta-kwana, wani ma laƙabinsa "Is-Was".

To ga matsalarka. Topido ba harsashi ba ne, a hankali yake tafiya, kafin ya isa jirgi ya matsa gaba, don haka inda jirgin zai je ake nufa ba inda yake ba. Abu uku kawai kake buƙata, gudun jirgin, gudun topido, sai kusurwar da kake ciki in an auna daga hancin jirgin, wadda gem ɗin ke rubutawa AOB. Nan mutane ke rikicewa. Ba yadda kai kake ganinsa ba ne, yadda matuƙinsa zai gan ka ne. In ya nufo ka kai tsaye sifili ne, in gefensa sosai kake kallo 90 ne.

Gudun jirgi shi ne uwa uba, kuma ina zargin nan kake faɗuwa, don topidon da ke bi ta baya galibi alama ce an raina gudun. Sa alama a taswira inda yake, ka jira minti 3 da sakan 15 cif, ka sake sa alama ka auna tsakani. Mita 800 ya ci? Gudunsa not 8 ne, not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa. Dalili kuwa not ɗaya mita 1,852 ne a awa, wato kusan mita 100 a cikin wannan ɗan lokacin. In ka san tsawonsa daga littafin gane jirage akwai wata hanyar, ka tsayar da jirginka ka bar madubin leƙe wuri ɗaya ka ƙirga sakan daga hanci zuwa wutsiya. Jirgi mai mita 140 da ya wuce a sakan 34 yana cin mita 4 da ɗoriya a sakan, ka kusan ninka shi biyu, not 8 kenan dai.

Yanzu ɗauko faifan, wanda ke da layin kusurwa na "sine" na lissafi a zoben ciki. Mu ce topido samfurin G7e mai batir za ka harba, not 30 yake yi, AOB kuma 60 a lokacin harbi. Juya har 60 na ciki ya zo daidai da 30 na waje, kar ka sake taɓawa, nemi 8 a waje ka duba ƙasansa, za ka ga digiri 13 da 'yan kai. Shikenan fa. Ka jira har ya rage masa digiri 13 ɗin ya iso saitin hancin jirginka, sai ka saki topido ya tafi miƙe. Da AOB 90 ne da amsar ta kai 15 da rabi. In kusurwar AOB ta wuce 90 cire ta daga 180, 120 ya koma 60.

Abin da ya fi burge ni, ka lura ban ce komai a kan nisa ba? In miƙe topido zai tafi nisa ba ya canja kusurwar ko kaɗan, ni kaina da farko ban yarda ba sai da na zana a takarda. Amma fa kuskure ƙarami yana girma da nisa, don haka matsa kusa, mita 600 zuwa 1,000 ya yi, kar dai ka shige masa ƙasa da 300 topido ya buga bai tashi ba.

Hattara da abu biyu. Faifai ba ya gaya maka inda ɗigon lamba yake, 8 da 80 wuri ɗaya suke zaune, kai za ka kimanta da ka. Sannan duba gudun topido kafin ka juya, G7a mai tururi ana saita shi a 30 ko 40 ko 44, in ka yi lissafin 30 alhali yana kan 44 ta gaban jirgi zai wuce wannan karon.

Tambaya: Malam ba kalkuletar waya ta fi sauƙi ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ta fi daidai 'yar'uwa, ba musu. Sai dai in jirgi ya canja gudu daga 8 zuwa 10 da kalkuleta sai kin sake dannawa daga farko, a faifai kuwa ido kawai za ki matsar ki karanta. Ki buga shi a takarda mai kauri ki yanka ki huda tsakiyar daidai, in hujin ya karkace ko kaɗan duk amsoshin sun karkace.