Tambayi Likita: Laimar Kwaɗin Da Ke Fitowa A Gindin Shuka

Tambaya daga Arkilla: Likita na zuba garin katako da busasshiyar ciyawa a gindin mangwarona don ƙasa ta riƙe danshi, tunda ruwan Agusta ya zauna sai laimar kwaɗi ke ta fitowa. Iccen ya kamu da cuta ne?

Amsa: A'a malam, ciyawar ce ke ruɓewa, su kuma abincinsu kenan. Ka dai riƙa tuge su da sassafe kafin yara su fito tsakar gida.

Tambaya daga Gwiwa: Na tuge su da hannuna, gubar za ta shiga jikina?

Amsa: Ba ta shiga ta fata Hajiya. Ruwa da sabulu, shikenan.

Tambaya daga Mabera: Yarona ɗan shekara 3 ya tsinki wata fara a lambu ya ci da la'asar, sai tsakar dare ya fara amai da zawo. Kakarshi ta ɗura mai manja da madara, yau har wasa yake. Ta ce tunda awaki na ci ai ba guba bace. In bar shi gida?

Amsa: Na riga na amsa miki ta saƙo amma zan maimaita saboda wasu. Ki kai shi asibiti yanzu, ko UDUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo) ko Specialist (asibitin ƙwararru) a Sakkwato ko wanda ya fi kusa da ke, kar ki jira maigida ya dawo kasuwa.

Abin da ya tada min hankali shine jinkirin. Irin wadda ke sa amai cikin awa 1 zuwa 3, kamar babbar farar nan da ƙarƙashinta ke komawa kore-kore in ta tsufa, tana wahalar da mutum sosai amma galibi a ciki take tsayawa. Wadda ke yin shiru awa 6 zuwa 24 kafin amai ya zo, ita muke tsoro, domin haka wata gubar laimar kwaɗi mai suna amatoksin take, kuma hanta take ci. Bayan aman mutum zai ji sauƙi kwana ɗaya ko biyu har a ce ai ya warke alhamdulillahi, alhali hanta na can tana lalacewa, sai a wayi gari ido ya yi rawaya yaro ya fara ruɗewa. Wasan da yake yi yau bai gaya mana komai ba, gwajin jini ne kaɗai zai nuna.

Maganar manja kuma wallahi ta ishe ni. Manja baya kashe guba, madara ma haka, kuma yaron da ke amai in aka danne shi aka ɗura mai yana iya shaƙewa man ya faɗa huhu, an ƙaro wata cutar kenan. Ruwan gishiri don a sa shi amai ya fi muni, gishirin kanshi yana iya kashe ƙaramin yaro. Ki lallaɓa Inna da girmamawa, na san tausayin jikanta ne, amma cikin akuya daban na ɗan Adam daban.

In akwai sauran a lambun ki tono ɗaya har gindinta, ki naɗe a takarda ba leda ba, ki tafi da ita. Ki faɗa musu ƙarfe nawa ya ci, ƙarfe nawa aman ya fara. Don Allah yau, ba gobe ba.

Tambaya daga Wamakko: Ance in an dafa da albasa bata yi baƙi ba to naman kaza ne mai kyau. Ni kuma ina da manhaja a waya da ke gane su da hoto.

Amsa: Duka biyun ajiye su. Albasa bata san guba ba, tafasa da suya basa kashe amatoksin, manhajar kuma tana kuskure tunda masu guba da na ci suna kama da juna. Na suri da wasu ke ci a ƙauye daban ne da na gindin shukarka. In wani ya riga ya ci, asibiti, ko da baya jin komai.