Ga mai tambaya kan ganyaye da kansar huhu

'Yar uwa sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce likita ya rubuta mata kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin kansa, amma dangi sun dage a bar asibiti a koma ganyaye, wai su ba sa zubar da gashi. Ni na yi jinyar yayana a kan wannan ciwon, don haka na san irin matsin da kike ciki.

Masu cewa na asibiti guba ne ba su san shi kansa kemon da yawansa daga tsiro aka ciro shi ba. Paclitaxel da ake ɗaura wa masu kansar huhu daga ɓawon wata bishiyar Amurka aka fara samo shi, vinorelbine daga wani furen Madagaska, etoposide ma asalinsa saiwar tsiro ce. Sai dai su an tace an gwada a jikin mutane an san adadin da jiki zai ɗauka, shi kuwa jiƙo wa ya auna shi?

Kuma haɗa biyun ma ba ƙaramin ganganci ba ne wallahi, yayana wani ya riƙa ba shi jiƙo a ɓoye, da aka yi gwajin hanta sai aka ga ta taɓu, dole aka ɗage kemo har ta warware, ciwon kuwa bai tsaya jiranmu ba. Akwai wani ganye, St John's wort, da ake sha don damuwa, yana sa hanta ta yi saurin wanke magungunan kansar huhu irin su erlotinib da osimertinib kafin su gama aiki. Kurkum da ake ta yayatawa, e yana kashe ƙwayar kansa a ɗakin bincike, amma ɗan kaɗan hanji ke iya tsotsa. Ko beta-carotene, sinadarin da ke cikin karas, da aka ba masu shan taba ƙwayoyinsa a Finland, sakamakon 1994 ya nuna kansar huhu ƙaruwa ta yi da kashi 18 cikin ɗari. Binciken jami'ar Yale na 2018 kuma ya gano masu kansar huhu da suka dogara da maganin gargajiya kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka na masu maganin asibiti sama da sau biyu.

Duk abin da dangi suka kawo kar ki yi musu da su, ki karɓa ki yi godiya, ki tara a leda ki kai wa likitanta ya duba. In amai ke damunta ki tambaye shi batun citta da magungunan hana amai, kar dai ta tsallake ranar kemo.