Amsa: Da gaske ne don ƙaramar sata ake kai mutum Ostireliya?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Ingila ta riƙa kai ɓarayin ƙananan kaya ƙasashen waje. Gaskiya ne, kuma farashin abin da aka sata shi ke yanke hukuncin.

Dokar 1718 ta ba alƙali damar korar ɓarawo na shekara 7, wanda aka yafe wa kisa kuma shekara 14. A lokacin, satar kayan sule 5 a kanti hukuncinta rataya ne, haka na sule 40 a cikin gida. Shi ya sa masu taya alƙali hukunci kan rage farashi da gangan, su ce kayan na sule 39 ne, a kori mutum maimakon a rataye shi. In ya dawo kafin wa'adi, to kisa ne.

Da fari Amurka ake kai su, wajen mutum 50,000, 'yan kasuwa suna sayar da ƙwadagonsu ga masu gonakin taba. Yaƙin neman 'yancin Amurka na 1775 ya rufe wannan ƙofa, aka cusa fursunoni a tsofaffin jiragen ruwa a kogin Tamis na Landan har aka buɗe Ostireliya a 1788.

Ayarin jiragen da ya kai fursunoni Ostireliya a 1790 ne ya fi muni. An biya 'yan kwangila bisa kowane fursunan da aka ɗora, ko ya isa ko bai isa ba, ga shi abincin mamaci ribarsu ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka mutu a hanya. Daga baya aka sa likita a jirgi, ana ba shi lada kan kowane mai rai da ya sauka. An daina a 1868, bayan an kai mutum kimanin 162,000 Ostireliya.